Shin Sauya Salansa da Matatar Iska Na Ƙara wa Mota Wuta? Tambayoyi da Amsoshi

Kayan da ake magana a kansu iri biyu ne: na hanyar da iska ke bi ta shiga inji, da na hanyar da hayaƙi ke bi ya fita. Kamfanoni irin su K&N da AEM da Injen suna ƙera na iska, su Borla da MagnaFlow da Akrapovič kuma na hayaƙi, ana sayar da su a madadin waɗanda mota ta fito da su daga kamfani. A garejojinmu akwai aikin hannu na gida mai manufa iri ɗaya: a tsige akwatin matatar iska a ɗaura buɗaɗɗiya, a fasa tukunyar salansa, a ƙwaƙule indomi, wato na'urar tace hayaƙi. Ga tambayoyin da masu mota da masu babur suka fi yi a kan haka.

A taƙaice, sauya waɗannan kaya na ƙara ƙarfi ko ba ya ƙarawa?

Yana ƙarawa, amma ba yadda ake zuzutawa ba. A ƙaramar motar fetur marar turbo, irin Corolla ko Civic ko Golf, wadda injinta lafiya lau yake, abin da aka saba samu daga sabuwar hanyar iska ko sabuwar salansa bai wuce ƙarfin doki biyu zuwa biyar ba, wani lokaci ma ko ɗaya babu. Ita ma wannan 'yar ribar ba ta fitowa sai ka take totur har ƙasa, allurar juyin inji ta doshi jan layi. Mota mai turbo labarinta daban ne, za mu zo kanta. Haka ma motar da salansarta ta toshe: idan aka buɗe mata hanya za ta farfaɗo, amma ƙarfinta na asali ne ya dawo, ba sabo aka ƙara mata ba.

Don a san girman abin, ɗauki Corolla mai injin 1ZZ-FE, irin ta 2003 zuwa 2008. Ƙarfinta wajen doki 130 ne, nauyinta da direba a ciki kimanin kilo 1,200. Ƙarin doki biyar bai cika kashi 4 cikin 100 ba. Da ka sauke buhun siminti ɗaya daga but, da ka sami wannan sauƙin ba tare da ka kashe ko sisi ba.

To ai an ce inji iska yake so. Ƙarin iska ba ƙarin wuta ba ne?

Asalin maganar gaskiya ce. Injin fetur na buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai ƙurmus, wato kowace litar fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Tura mai ba wuya, famfo da nozul za su ba da ko nawa ake so. Iska ce ke yanke wa inji iyaka. Injin lita 1.8 da ke juyi 6,000 a minti yana neman iskar da ta kusa lita 5,400 a kowane minti, kuma duk abin da ya gitta mata a hanya zai rage masa ƙarfi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin matatar iska da inji akwai ƙofar totur, wani faifan ƙarfe da ke buɗewa gwargwadon yadda ka taka. A tuƙin yau da kullum, ko cikin gari ko a kan hanyar Kano zuwa Zariya da gudun kilomita 100, wannan ƙofa ko rabi ba ta buɗe ba. Kenan kai da ƙafarka ne ke tare iskar da gangan. Idan ka sa matata mai sauƙin wucewa, za ka ɗan sassauta taku don ka riƙe gudun da kake so, injin ya ci gaba da samun iskar da yake samu a da. Sai an wangale ƙofar gaba ɗaya sannan matata take zama mai tsare hanya. Ko a lokacin ma, inda iska ta fi matsuwa a inji marar turbo shi ne wajen bawul-bawul da ramukan da ke cikin kan inji, da tsawon lokacin da kamshaf ke barin su a buɗe. Mai sayar maka da matata bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Gudun ƙarshe fa, zai ƙaru?

Da ƙyar ka lura. Iskar gaba da mota ke turewa tana ƙara nauyi da sauri ƙwarai, har sai an ninka ƙarfi sau takwas kafin a ninka gudu sau biyu. Ƙarin kashi 5 cikin 100 na ƙarfi zai mai da motar da ke tsayawa a kilomita 180 ta kai 183, a kan titin da babu inda ya halatta ka yi ko kusa da haka.

Idan akwai ƙarfin da ke ɓoye, me ya hana kamfanin motar fito da shi tun farko?

Kamfani yana da masu tsare shi: dokar ƙara, dokar hayaƙi, garanti, da farashi. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 540/2014 ta sa iyakar ƙarar ƙananan motoci a desibel 72 daga 2016, ta sauko 70 a 2020, daga baya kuma 68. Waɗannan ƙananan akwatunan roba da kake gani a maƙale jikin bututun iska, da ɗakunan da ke cikin tukunyar salansa, aikinsu kashe ƙara ne. A nan ne ake ɗan rasa doki biyu ko uku, kuma su ne masu sayar da kayan sauyi ke ƙwato maka.

Amma kada a ɗauka injiniyoyin kamfani barci suke yi. Toyota na da tsarin ACIS da ke sauya tsawon hanyar iska gwargwadon juyin inji. Mazda kuma tun daga masana'anta ta sa wa injinta Skyactiv-G dogon manifol, wato bututan hayaƙi da ke fitowa daga jikin inji, mai haɗa bututu huɗu zuwa biyu, biyu zuwa ɗaya, irin wanda aka fi sani a wajen masu tsere. Wani ɓangare na sunan da kayan sauyi suka yi ya samo asali ne daga motocin Amurka na shekarun 1970, lokacin da aka fara tilasta na'urar tace hayaƙi a 1975. Irin ta farko da General Motors ya yi amfani da ita cike take da ƙwayoyin duwatsu, tana shaƙe manyan injuna sosai, kuma duk wanda ya cire ta yakan ga bambanci a fili. Zamanin ya wuce, tallar ce ba ta wuce ba.

Ni dai na ga buɗaɗɗiyar matatar nan mai siffar mazurari. Ba ta fi akwatin kamfani ba?

Idan a cikin bonet aka ɗaura ta haka tsirara, sau da yawa ta fi shi muni. Akwatin kamfani yana ɗebo iska ne daga gaban mota ko daga gefen taya, inda take da zafin waje. Buɗaɗɗiyar kuwa tana zuƙar wadda ta ratso lagireto ta kewaya manifol. Iska mai zafi ba ta da kauri. Idan waje yana digiri 35 a ma'aunin Selsiyos, cikin bonet kuma yana 60, iskar cikin ta rasa fiye da kashi 7 cikin 100 na kaurinta. Bayan haka, ƙwaƙwalwar motar tana auna zafin iskar, kuma idan ta ga ya yi yawa sai ta jinkirta tartsatsin filogi don kada inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ƙara raguwa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, a cikin cunkoso, da iyakwandishan a kunne, wannan ba ƙaramar asara ba ce. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masu kyau a cikin waɗannan kaya su ne masu rufaffen akwati da ke jawo iska daga waje. Idan ka duba da kyau, abin da kamfanin motar ya yi suka sake yi, da faɗaɗɗen bututu da fenti mai ƙyalli.

Matatar auduga mai mai, wadda ake wankewa a mayar, ta dace da mu?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mai mota a ƙasar Hausa, kuma amsarta ba ta da alaƙa da gudu. Ken Johnson da Norm McDonald, masu harkar babura a Kaliforniya, su suka kafa K&N a 1969, kuma daga harafin farko na sunayensu sunan ya fito. Matatarsu auduga ce a tsakanin ragar waya, a shafe da jan mai. Iska na wucewa cikin sauƙi saboda ƙofofin sun fi na takarda faɗi, man kuma shi ke kama ƙura.

Matsalar ita ce ƙofar da ta saki iska tana sakin ƙura ma. Akwai ƙa'idar gwaji mai suna ISO 5011, inda ake hura wa matata ƙura da aka auna, a ga nawa ta tare. Takarda mai kyau kan tare fiye da kashi 99 cikin 100, auduga mai mai kan zo ƙasa da haka. Bambancin kan yi kamar ba komai a rubuce, amma yi lissafin daga ɗaya gefen. A ce ɗaya ta tare kashi 99.5, ɗaya kuma 97. Ta farko rabin kashi ta bari ya wuce, ta biyu kashi uku: ninki shida kenan. A Jamus ko Ingila, inda ruwa ke wanke titi kusan duk shekara, ninki shida na ɗan abu kaɗan ba zai kashe inji ba. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ga kuma hanyoyin da ba kwalta. Wannan ƙura garin dutse ce. Idan ta shiga silinda tana goge ringi da bangon silinda a hankali, mota ta fara shan baƙin mai, ta fara hayaƙi, a ƙarshe a sauke inji. Mai motar ba zai taɓa zargin matatar da ya saya shekara biyu da suka wuce ba.

Akwai kuma batun man da ake shafawa. Motoci da yawa suna da sensar auna iska mai siririyar waya mai zafi, dab da bayan matata. Idan aka cika mai bayan wanki, yana iya fantsama ya rufe wayar, ta riƙa ba ƙwaƙwalwar mota labarin ƙarya. Masu ƙera matatar sun ce idan an shafa daidai ba ya faruwa. General Motors dai ya taɓa aika wa dillalansa sanarwa a kan wannan matsala a 2004.

Tunda maganar matata ake: al'adar kai ta takarda wajen mai faci ya hure ta da iskar kwamfuresa tana yin irin wannan ɓarna. Iskar tana yayyaga zaren takardar, ta fito tas a ido alhali ta zama rariya. Ka bubbuga ta a hankali, idan ta yi baƙi ka sake sabuwa, kuma ka guji jabu mai arha wadda robar gefenta ba ta zauna daidai ba.

Dogon bututun nan da ke hawa gefen gilashin Land Cruiser da Hilux fa?

Shi ba don ƙarfi aka yi shi ba, tsawonsa ma na ɗan rage wa iska gudu. Amfaninsa ɗaga bakin iska sama da ruwa da kuma ƙurar da tayoyi ke tayarwa. Wasu ana sa musu wani kwano a kai mai juya iska, ya watsar da manyan ƙwayoyin yashi kafin su kai ga matata. Ga motar da ke bin hamada ta Agadas ko ke ƙetare rafi da damina, kuɗinsa halal ne. Ga mai yawo cikin Abuja, ado ne.

An ce wasu hanyoyin iskar na jawo ruwa cikin inji. Da gaske ne?

Da gaske ne. Irin wadda ake saukar da bakinta ƙasa bayan bamba, don neman iska mai sanyi, tana iya nitsewa idan ka shiga ruwan da ya taru a titi. Fistan na iya matse iska, ba ya iya matse ruwa. Kofi ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistan, inji ya tsaya cak. Duk wanda ya san yadda titunan biranenmu ke cika a watan Agusta ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Salansa mai faɗi ba ta fi sakin hayaƙi ba? Wasu kuma sun ce inji na son a ɗan matse shi. Wanne ne daidai?

Kowane ɓangare ya kama rabin gaskiya. Inji ba ya son a matse masa hayaƙi ko kaɗan, domin ƙarfin da fistan ya kashe wajen tura hayaƙi waje asara ce. Abin da yake so shi ne hayaƙin ya fita da gudu. Hayaƙi ba ya kwarara a jere, bugu-bugu yake fita duk lokacin da bawul ya buɗe, kuma kowane bugu yana barin wani ɗan zuƙa a bayansa. Idan tsawon bututu da faɗinsa sun dace, wannan zuƙa na isowa daidai lokacin da silinda ta gaba ke buɗewa, ta taimaka wajen janye mata hayaƙi, har ta jawo sabuwar iska ciki. Idan bututun ya yi faɗi da yawa, hayaƙin ya rage gudu ya huce, zuƙar ta mutu. Shi ya sa mai ƙaramar mota da ya sa bututun inci uku yakan ji ta yi nauyi wajen tashi daga danja, sai ya ɗauka matsi ne ya rasa. Saurin hayaƙi ya rasa.

Ba kowane sashe na salansa ne ke da tasiri ɗaya ba. Manifol, wato bututan da ke fitowa daga jikin inji, shi ne mai faɗa a ji: mai haɗa huɗu zuwa ɗaya kai tsaye yana taimakawa a saman juyi, mai bi ta biyu kuma a tsakiya. Tukunyar baya, wadda ita aka fi yankewa saboda ta fi sauƙin kaiwa, kusan ƙara kawai take sauyawa. Kuma ƙarar da ke burge ka a unguwa, idan ka ɗau hanyar Kano zuwa Maiduguri tana yi maka gurnani iri ɗaya na awa bakwai, kafin Potiskum za ka yi nadama.

Abu ɗaya ba na wasa ba: walda marar kyau a ƙarƙashin mota na iya barin hayaƙi ya riƙa shiga ciki. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, tana kisa.

Bakanike ya ce in cire indomi mota za ta saki jiki. In yarda?

Ka fara tambayarsa da me ya gane ta toshe. Indomi wata tukunya ce mai ƙananan ramuka na tangaram, wajen 400 a kowane inci murabba'i, an shafe su da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ta yi zafi, su ne ke mai da guba mai fita daga inji ta zama iska mai sauƙin illa. Lafiyayyar indomi ta zamani ba ta tare hayaƙi sosai, cire ta ba zai ba ka abin a zo a gani ba. Wadda ta narke ko ta farfashe kuwa tana shaƙe mota ƙwarai: ta ƙi hawa tudu, ta ƙi wuce wani gudu, inji ya yi ta zafi. Ana gane haka da gwaji, ta hanyar kwance sensar oksijin ta gaba a ɗaura ma'aunin matsi a raminta. Kuma indomi ba ta mutuwa haka kawai. Filogi ko koyil da ke tsallake wuta, ko inji mai shan baƙin mai, su ke kashe ta. Idan ba a gyara su ba, sabuwar ma za ta bi sahu.

Ka kuma tambaye shi ina tsohuwar za ta tafi. Akwai kasuwarta. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 kowace oza, ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Shi ya sa ake sace ta a Landan da Kaliforniya, shi ya sa kuma motocin Kwatano da yawa ke isowa hannun mai saye an riga an ƙwaƙule su an sake walda. Ba kowane bakanike ne mai wannan hali ba, amma shawarar da mai ba da ita zai ci riba sau biyu tana buƙatar bincike.

Idan aka cire, motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 za ta kunna fitilar gargaɗin inji, kwamfuta ta nuna lamba P0420. Ita fitilar guda ɗaya ce, kuma idan ta zauna a kunne kullum, ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka sani ba.

Shan mai zai ragu?

Ba zai ragu ba. Motar zamani tana auna iskar da ta shiga ta ba da mai daidai da ita, sensar oksijin kuma tana gyara lissafin kowane daƙiƙa. A 2009 cibiyar binciken Oak Ridge ta gwamnatin Amurka ta toshe matatun iska da gangan a motoci uku masu nozul, ciki har da Camry ta 2003, da kuma Pontiac ta 1972 mai kafireto. A sababbin, shan mai bai sauya ba, sai dai saurin tashi da ya inganta da kashi 6 zuwa 11 cikin 100 bayan an sa tsabtatacciyar matata. Tsohuwar mai kafireto ce kaɗai ta nuna bambanci a mai. Idan toshewar matata ba ta ƙara shan mai ba, buɗe ta ma ba zai rage ba.

Abin da aka fi gani ma ƙari ne. Mai sabuwar salansa yana son jin ta, sai ya yi ta taka totur. Sannan idan walda ta bar ƙofa kafin sensar oksijin, iskar waje na shiga, sensar ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Masu kukan cewa mota ta fara zuƙar mai bayan cire indomi, mai yiwuwa irin wannan ce ta same su, ko kuma an lalata sensar a wajen aikin. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, wannan ba kuskuren da ake yi da dariya ba ne.

To mota mai turbo fa?

A nan maganar ta sauya. Turbo fanka ce da hayaƙi ke juyawa, kuma tana juyawa ne saboda matsin gabanta ya fi na bayanta. Duk abin da ya rage matsi a bayanta yana sa ta kama da wuri ta kuma huta. Saboda haka faɗaɗa bututun da ke biye da turbo yana da amfani na gaske. Duk da haka, mafi yawan ƙarfin da ake samu daga sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar motar yake fitowa, inda ake umurtar turbo ta ƙara tura iska. A mota irin Golf GTI wannan kaɗai na ba da gomman dawaki, ko ba a taɓa bututu ba. Kayan ƙarfen suna share wa lissafin hanya ne kawai.

Farashinsa kuwa zafi ne da matsi a kan fistan, kuloci da giyabos. Kuma lissafin da aka rubuta a Turai an yi shi ne don fetur mai lambar okten (ma'aunin jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba) 95 ko 98, namu kuwa yana wajajen 90 zuwa 91. Ɗora irin wancan a kan wannan mai, cikin zafinmu, hanya ce ta fasa fistan.

A motocin dizal, ka sani baƙin hayaƙi ba alamar ƙarfi ba ne, mai ne da bai ƙone ba. Injin dizal kuma kusan kullum a buɗe yake zuƙar iska, saboda haka ƙura ta fi samunsa, kuma fankar turbo ce ke fara cin ta.

Babur ɗina na cire masa abin cikin salansa, yanzu yana ruri. Ai ya ƙara wuta ko?

Babur irin Boxer mai siisii 100 ƙarfinsa wajen doki takwas ne. Ko ka sami kashi 5 cikin 100, rabin doki bai cika ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ka rasa. Kafireto ba ya gyara kansa. Idan ka buɗe salansa ka kuma cire soson matata ba ka sauya jet, wato 'yar ƙofar da mai ke fita a kafireto, ba, mai zai yi wa iska kaɗan, injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi ya yi ta zafi, bawul ya ƙone. Kwance filogi ka duba: idan bakinsa ya yi fari fat, kana kan wannan hanya.

Inda salansa ke yin abin mamaki da gaske shi ne injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin na tsofaffin Vespa da Suzuki. Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, shi ya ƙware wajen ƙera salansa mai kumburarren ciki da ke mayar da bugun hayaƙi baya, ya tura sabon man da ke neman tserewa ya koma silinda. A 1961 babur ɗinsa mai siisii 125 ya ba da doki 25. A shekarar ne mahayinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma ya koma Suzuki, inda ya ci gasar duniya ta siisii 50 a 1962. A irin wannan inji siffar salansa lissafi ce, kuma fasa ta kashe babur ne.

Amma wallahi na ji bambanci bayan na sauya. Ƙarya jikina yake yi?

Kunnenka ne ya ji. Kamfanonin mota sun san da haka sarai: BMW ya fara kunna ƙarar inji ta lasifikokin cikin mota a M5 ta 2011, Volkswagen kuma ya sa wata na'ura mai girgiza gilashin gaba a Golf GTI don direba ya ji ruri. Ba su ƙara ko doki ɗaya da hakan ba, amma mai tuƙi na jin mota ta fi kuzari. Ga kuma kuɗin da ka kashe, wanda ke sa zuciya son ganin sakamako. Wani lokaci bambancin na gaske ne, saboda tsohuwar matatar da aka cire dama ta toshe, kuma sabuwar takarda ma da ta ba da irinsa.

Lambobin jikin kwali kuma a karanta su da lura. Ana ɗaukar su ne a kan na'urar gwajin ƙarfi, sau da yawa bonet a buɗe da babbar fanka a gaba, a kan babban inji, a zaɓi wurin da tazara ta fi yawa. Doki goma a injin da ke da 400 ba goma ba ne a naka. Kuma ba a tara su: goma na matata da goma na salansa ba sa zama ashirin.

Idan kana son sanin gaskiyar motarka, samu wani ya riƙe maka agogon waya. A hanya mai faɗi marar jama'a, a giya ɗaya, a auna daƙiƙun da take ɗauka daga 60 zuwa 100, zuwa da dawowa, kafin sauyi da bayansa, a lokaci ɗaya na rana.

Doka ta yarda?

Ya danganta da inda kake. A Amurka dokar tsabtar iska ta haramta cire ko lalata na'urar tace hayaƙi. A 2016 Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 saboda na'urorin sauya lissafin inji da ya sayar, a ƙarshen 2023 kuma Cummins ya amince da dala biliyan 1.675 kan injunan dizal na motocin Ram. A Ingila motar da aka cire wa matatar toka ta dizal ba ta cin jarrabawar lafiyar mota tun 2014. A Najeriya hukumar NESREA tana da ƙa'idar hana ƙara ta 2009 da ta hayaƙin motoci ta 2011. Rashin tsananta su bai sa maƙwabcin da ka tayar wa jariri da tsakar dare ya yafe maka ba.

Ƙananan na'urorin nan masu juya iska, da fankar lantarki, da maganaɗisun bututun mai fa?

Ka riƙe kuɗinka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada fiye da na'urori 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta sami wadda ta yi abin kirki ba. Duk abin da ka cusa cikin bututun iska ma tare hanya yake yi.

To idan ina son motata ta ja, ina zan sa kuɗin?

Da yawa daga cikin motocin da ke hannunmu sun haura shekara goma sha biyar, kuma ƙarfin da tsufa da sakaci suka ci musu ya fi wanda kowane kayan sauyi zai ba su. Filogi na asali mai lambar da kamfani ya ce, koyil mai lafiya, nozul da aka wanke, famfon mai mai cikakken matsi, sensar oksijin da ba ta mutu ba, birkin da ba ya kamawa, taya mai iska daidai. Sai kuma tamostat, wanda kanikawa da yawa ke cirewa da sunan maganin zafi: idan babu shi inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu safiya ce.

Na riga na sauya. In mayar da na da?

Idan tukunyar baya ce kawai, waldar ta yi kyau, kuma ƙarar ba ta damun ka ba ta damun jama'a, ba ta cutar da inji. Buɗaɗɗiyar matata a cikin bonet kuwa gara ka mayar da akwatin kamfani kafin hunturu. Kwance bututun da ke bayan matatar ka shafa yatsa a cikinsa: idan ka ga ƙura, ta riga ta fara shiga inji. Sannan a sa wa motar kwamfuta a duba gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai inda iska ke shiga ba a auna ta ba, ko kuma sensar ta ƙazantu, kuma wannan za a fara nema kafin a sayi wani abu.